Kallon tsuntsaye a Djoudj: tsuntsayen sun biya ni, dillalin mota ya ci haƙƙina

Duk wanda hanya ta kai shi arewacin gaɓar tekun Senegal tsakanin Nuwamba da Maris, in dai yana da sha'awar tsuntsaye, kada ya dawo gida bai leƙa gandun Djoudj ba. Sai dai ya buɗe ido sosai kan wanda zai damƙa wa kuɗinsa ya kai shi, domin ni a nan aka cuce ni.

A birnin Saint-Louis na haɗu da wani dillali, muka yi ciniki a kan zai ɗauke mu bayan sallar asuba, ya tanadar mana madubin hangen nesa, da yamma kuma ya biya da mu Langue de Barbarie, wani siririn tudun yashi tsakanin kogi da teku, mu ga tsuntsayen bakin teku. Na biya shi duka tun daren. Wallahi sai da rana ta take sannan motar ta iso, wata tsohuwar akwala da gilashinta ba ya rufuwa. Tafiyar kusan kilomita 60 ce, kuma da zarar an sauka daga kwalta sai birji da ƙura ta tsakiyar gonakin shinkafa. Muka isa duk mun yi buɗu-buɗu. Madubin da ya yi alkawari kuwa, guda ɗaya tak ya kawo mana mu duka, shi ma ido ɗaya ya dushe.

Da wannan ɓacin ran na shiga kwalekwale, ina ta ƙunƙuni. Ba mu yi nisa ba na manta da shi.

Da farko kirinjijiya ce ta tashi daga cikin ciyawa, garke guda, da wannan fito nata da duk wanda ya taso kusa da fadama ya sani. Ga zalɓe tsaye a bakin ruwa, ga dinya, ga gauraka biyu can nesa suna kiwo. A kan tudu muka ga gadu da 'ya'yanta suna gudu wutsiya a miƙe, sai kuma kada kwance ya wangame baki yana shan hantsi. Duk wannan na ce to, mun saba gani. Sai da muka sha wata kwana, wari ya fara dukan hancinmu tun kafin mu ga komai, sannan tsibirin kwasakwasa ya bayyana.

Ban taɓa ganin halitta ta taru haka ba. Dubbai ne, sun cika tsibirin maƙil har ba ka ganin ƙasa, manyan farare da ɗan jaja-jaja a jikinsu, 'ya'yan kuma baƙaƙe wuluk, ka rantse ba su suka haife su ba. Mai kwalekwalen, Allah ya saka masa da alheri, ya kashe inji ya bar ruwa yana jan mu a hankali. A gabanmu wani ɗan ya zura kansa gaba ɗaya cikin maƙogwaron uwarsa yana zaro kifi, ita kuwa ta tsaya cik har ya gama. Can gefe wasu sun jeru sun yi rabin da'ira, suna kora kifi zuwa inda ruwa ba zurfi, sai ka ga sun tsoma baki lokaci guda, sun ɗago lokaci guda, kamar masu sussuka da suka saba da juna. In ɗaya ya buɗe fukafukai ya wuce ta saman kanka, faɗinsu ya kusa mita 3, har iskar kana ji. Babu abin da na iya faɗa sai tasbihi.

Jagoran da ke cikin kwalekwalen ya san aikinsa. Shi ya nuna mana ƙananan agwagin da ke tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, nan ne ruwan daɗi na farko da suke tararwa. Tun 1971 aka keɓe wurin, hekta 16,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Tsallaken kogin Senegal Muritaniya ce, da nata gandun na Diawling. Abin da ya taɓa min zuciya shi ne kachala da na gani ta cinye bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Diama a kan kogin a 1986 ruwan gishiri na teku ya daina hawowa, ciyawar ta samu sake. Mutanen Hadeja da Nguru sun san wannan masifa, ita ce ta toshe musu hanyoyin ruwa.

To a daidai lokacin da nake cewa kuɗina sun halatta, sai ga dillalin nan yana ta kiran wayar jagora wai mu juyo, dare zai yi mana a hanya. Shi ya makara, mu aka yanke wa lokaci. Wajen babban tafkin da ake hango jajayen tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki, ko tsayawa bai yi ba, ta taga muka hange su. Jagoran ma ya ce da sassafe ne tsuntsaye suka fi walwala, mu kuwa sai da zafi ya fara muka iso.

Gandun kansa ba ni da abin cewa sai yabo, kuma zan sake komawa in Allah ya yarda. Amma wanda zai je, ya nemi mota ta hannun masaukinsa, ya biya rabi, sauran sai an dawo. Ya tafi da madubinsa, da ruwan sha, da hula, da abin rufe hanci. In da hali ma ya kwana kusa da ƙofar gandun don ya shiga kwalekwalen farko.

Langue de Barbarie dai ba mu je ba. Da muka shigo gari ana kiran magariba, na ce ya mayar min da kuɗin wannan ɓangaren, sai ya ce wai mai ya cinye, in dawo gobe mu sake sabon ciniki. Ko sisi ban karɓa ba.