Yankan tumbi ko baifas: zaɓin tiyatar rage ƙiba ga mai amosanin gaɓɓai

Mutumin da garkuwar jikinsa ke kai wa gaɓɓansa hari, kuma ƙiba ta yi masa yawa har ana maganar tiyata, bai kamata ya fara da tambayar wace tiyata ce ta fi zubar da nauyi ba. Ya fara duba magungunan da zai ci gaba da sha shekara da shekaru, ya tambaya ko sabon cikin zai iya ɗaukarsu. Tiyata yini ɗaya ake yinta, amosanin kuwa yana nan bayanta. Sunayen magunguna a nan mun bar su yadda suke a jikin kwali, domin kada a rikita su a kemis.

Rage nauyin yana da amfani ga ciwon kansa. Kitse yana fitar da sinadaran da ke rura kumburi, kuma masu ƙiba ba su cika samun sauƙin da ake so daga magani ba. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan masu amosanin gaɓɓai 53 da aka yi wa tiyatar a birnin Boston na Amurka ya nuna ciwon ya lafa sosai ga mafi yawansu bayan shekara guda. Lafawa ce ba warkewa ba, kada wani ya ajiye maganinsa saboda ya rame. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙiba suka fitar a 2022 ta yarda da tiyata ga mai ma'aunin BMI (wato nauyi idan aka kwatanta da tsayi) 35 zuwa sama, ko daga 30 idan akwai ciwo irin na suga.

Tiyatoci biyun da ake zaɓa a tsakaninsu

A yankan tumbi, wanda likitoci ke kira silib, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, a bar siririn bututu. Ba a taɓa hanji. Abinci da magani suna bin tsohuwar hanyarsu, don haka tsotsar magani ba ta canzawa sosai. Yawanci mutum kan rage wajen kashi 25 cikin ɗari na nauyinsa. Babban aibinsa ƙwannafi: yana tayar da shi ga wanda ba shi da shi, yana ƙara wa mai shi.

A baifas kuwa ana ware 'yar jaka mai cin kamar mililita 30 daga saman tumbi, a haɗa ta da ƙaramin hanji kai tsaye, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji kamar motar da ta bi titin bayan gari. Nauyin da ake ragewa ya ɗan fi, wajen kashi 30, ya fi ƙarfi a kan ciwon suga, kuma yana maganin ƙwannafi. Amma mahaɗar jakar da hanjin wuri ne mai saurin yin gyambo, kuma a nan matsalar mai amosani take.

Magungunan kashe raɗaɗi da kumburi irin ibuprofen, diclofenac, naproxen da piroxicam suna raunana abin da ke kare bangon ciki daga tsami. Bayan baifas ana hana su har abada, domin gyambon mahaɗa yana zubar da jini, yana iya hujewa. Allurarsu da wanda ake cusawa ta dubura ba su tsira ba, tunda ta cikin jini suke ɓarnar. Bayan silib haɗarin bai kai haka ba, kuma idan ɗinki ya warke likita kan iya amincewa da su na 'yan kwanaki tare da omeprazole mai rage tsamin ciki. Saboda haka hukuncinmu shi ne: wanda ba ya iya wata guda ba tare da irin waɗannan ƙwayoyin ba, ko yake kan prednisolone mai danne kumburi da garkuwa kullum, silib ya fi dacewa da shi. Baifas na wanda ciwonsa ya kwanta da maganin da ke danne tushen amosanin ne, kuma ƙwannafi mai tsanani ko suga suka matsa masa. Wanda ya haɗa ƙwannafi mai tsanani da dogaro ga maganin raɗaɗi, a fara gyara maganin amosanin har ya rabu da ƙwayoyin, sannan a sa ranar tiyata.

A faɗa wa likita gaskiya game da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis ko hannun masu talla. Da yawa akwai diclofenac ko piroxicam a ciki, wasu har da dexamethasone, mai sha bai sani ba.

Zoben da ake ɗaure saman tumbi da shi an rage yinsa a duniya, ba mu ga dalilin saka baƙon abu na dindindin a cikin wanda ake danne garkuwarsa ba. Allurar mako-mako irin semaglutide da tirzepatide zaɓi ce ta gaske: tana rage kashi 15 zuwa 20 na nauyi ba tare da an dakatar da maganin amosani ba. Sai dai tana da tsada, kuma nauyin kan dawo idan an daina.

Me ake dakatarwa kafin tiyata

Likitoci kan ari tsarin da ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta sabunta a 2022 domin tiyatar sauya gwiwa da ƙugu. A tsarin ana ci gaba da methotrexate, hydroxychloroquine, sulfasalazine da leflunomide. Wasu likitocin tiyatar ciki sun fi son a tsallake methotrexate na makon tiyata saboda ƙarancin ruwa a jiki, kuma akwai hujja a cikin hakan. Abin da ba mu so shi ne a dakatar da komai wata guda kafin lokaci: ciwon ya tashi, a koma prednisolone mai yawa, wanda ya fi duk sauran hana ɗinki kamawa.

Alluran zamani masu danne garkuwa ana barin zagayensu ya ƙare. Mai etanercept na mako-mako a yi masa tiyata a mako na 2 bayan allurar ƙarshe, mai adalimumab na bayan mako biyu a mako na 3, mai infliximab na bayan mako takwas a mako na 9. Ƙwayoyi irin tofacitinib, baricitinib da upadacitinib ana dakatar da su kwana 3 kafin tiyata. Suna ƙara haɗarin daskarewar jini, ga ƙiba ga kwanciya, don haka a tattauna tsawon lokacin allurar tsinka jini. Ana komawa kan magungunan bayan kamar kwana 14, idan rauni ya rufe kuma babu zazzaɓi ko ruwa mai fita.

Tocilizumab yana buƙatar kulawa ta daban. Yana danne zazzaɓi da gwajin kumburi na CRP, waɗanda da su ake gane ɗinki ya yi yoyo. Mai shansa zai iya samun yoyo gwaji ya fito lafiya. Bugun zuciya sama da 120 a minti, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu ko numfashi sama-sama sun isa a koma asibiti a daren.

Prednisolone ba a yanke shi kwatsam. Wanda ya sha miligiram 5 ko fiye a kullum na tsawon mako huɗu, jikinsa na iya rage yin nasa sinadarin da maganin ke kwaikwayo, kuma yana iya buƙatar allurar hydrocortisone ranar tiyata. Idan amai ya hana ƙwayar zama bayan an koma gida, wannan ma na gaggawa ne. Likitan sa barci kuma ya nemi hoton wuya ga wanda ya daɗe da ciwon, domin amosani kan sassauta haɗin ƙashi na ɗaya da na biyu a wuya, kuma ana lanƙwasa wuyan wajen saka bututun numfashi. A gwada ƙwayar cutar gyambo ta H. pylori, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, a kashe ta tukuna. Sigari a bar shi gaba ɗaya.

Bayan tiyata: siffar magani da adadinsa

Makonnin farko ruwa-ruwa ake ci, manyan ƙwayoyi ba sa wucewa da sauƙi. Ba kowace ake daka ba. Mai rufin da ke narkewa a hanji, kamar wani nau'in sulfasalazine, da mai sakin magani a hankali, kamar upadacitinib, dakawa tana ɓata aikinsu, kuma bayan baifas ba lallai jiki ya tsotse su daidai ba. Methotrexate ba a daka shi a gida sam. Mafi kyau a mayar da shi allurar ƙarƙashin fata tun kafin tiyata, sau ɗaya a mako kamar yadda aka saba, tare da folic acid.

Ƙoda ce ke fitar da methotrexate. Sabon tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci ɗaya, don haka sai an yi ta kurɓa kafin a cika lita ɗaya da rabi a yini. Idan amai, gudawa ko zafin bazara suka busar da jiki, maganin yana taruwa ya taɓa ɓargo. Alamunsa gyambon baki, zazzaɓi, da jini a dasashi. A tsallake na makon, a je gwajin jini. Kada a haɗa shi da Septrin ko kaɗan. Haɗarin bushewar jiki ne ma ya sa likitoci da yawa ba sa yarda da azumi a shekarar farko.

Wasu magungunan da nauyi ake auna su. Hydroxychloroquine bai kamata ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a yini ba, saboda ido. Miligiram 400 daidai ne ga mai kilo 120, amma idan ya sauko kilo 70 iyakarsa 350. Wannan ana yawan mantawa. Infliximab da tocilizumab na ƙarin ruwa su ma a sake lissafinsu duk lokacin da aka hau sikeli.

Ƙashi yana fuskantar hari ta wuri uku: amosanin, prednisolone da tiyatar, musamman baifas. Ana buƙatar kalsiyam nau'in citrate miligiram 1200 zuwa 1500 a yini a rarrabe, da bitamin D, da furotin aƙalla giram 60. A raba kalsiyam da maganin ƙarin jini da awa biyu. Ƙwayar alendronate mai ƙarfafa ƙashi tana ƙona maƙoshi da ƙaramar jaka, a nemi makamanciyarta ta jijiya bayan an gyara bitamin D. Ƙarin bitamin B12, kamar allura duk wata uku, ya zama dole bayan baifas, kuma sau da yawa bayan silib.

Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Ƙwayar tazarar haihuwa ba abar dogaro ba ce bayan baifas, methotrexate da leflunomide kuma suna nakasa jariri, don haka robar mahaifa ko ashanar hannu ta fi.

Masu tafiya Indiya, Masar ko Turkiyya domin tiyatar su lissafa abin da ba ya cikin farashin da aka faɗa musu: gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12 sannan duk shekara, bitamin na tsawon rayuwa, da likitan da zai karɓe su idan sun dawo. Kafin a biya kuɗi a samu takarda ɗaya da likitan gaɓɓai da likitan tiyata suka amince da ita, mai ɗauke da ranar allurar ƙarshe, ranar komawa kan kowane magani, abin da za a yi idan ciwon ya tashi ba tare da diclofenac ba, da cikakken sunan tiyatar da aka yi. Alluran da ke son sanyi a riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake sakawa ƙarƙashin jirgi ba.