Sikelin aljihu mai awon 0.01g ga masu cinikin tsofaffin tsabar kuɗi

A cinikin tsofaffin kuɗi, nauyin azurfa na daga cikin abin da ake dubawa. Shi ya sa wannan ɗan sikeli mai batir, wanda ke ɗaukar har gram 200, ya cancanci kuɗinsa.

Kafin awo a ɗora shi kan teburi mai tauri, shimfiɗaɗɗe, da ba ya girgiza, a kashe fanka, domin iska kaɗai tana motsa lambar ƙarshe. A danna maɓallin TARE, awon ya koma sifili.

Sulen British West Africa (kuɗin zamanin mulkin Turawan Ingila) na 1913 zuwa 1919 azurfa ce, nauyinsa gram 5.66, fataka (sule biyu) kuma 11.31. Daga 1920 aka fara buga na tagulla, waɗanda ba sa bin farashin azurfa ko kaɗan. Dalar Mariya Tereza, tsabar azurfa ta ƙasar Austria, gram 28 ce da ɗan ɗoriya. Kusan duk suna ɗauke da 1780 ne saboda an ci gaba da buga su da wannan shekara, kada mai saye ya ɗauka tsufa ne. Wadda ta gaza da gram guda, ko ta sha goga ne ko jabu ce. A gwada ta da maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa.

Aibinsa: batir na yin rauni sai awo ya fara yawo, kuma sau da yawa ba ya zuwa da ƙarfen da aka san nauyinsa wanda ake daidaita sikelin da shi, sai an saya daban. Sannan ba ya gane tsabar da aka wanke da toka ko lemun tsami, alhali wankin nan ne ke karya darajarta wurin masu tarawa.