Gwajin Lantarki ko Hoton MRI: Wanne Ya Dace da Mai Ciwon Jijiya?

Masu fama da mutuwar hannu ko ƙafa sun sha tambayata wanne za su yi, tunda aljihu ba ya ɗaukar duka biyun.

Ƙwayar jijiya tana da dogon zare mai kai saƙo, wanda a manyan jijiyoyi yake lulluɓe da rigar kitse da ake kira mayelin. Gwajin lantarki aikin zaren yake aunawa: a manna 'yan wayoyi a fata, a saki ɗan lantarki, a ga saurin saƙon. A lafiyayyen hannu yakan wuce mita 50 cikin daƙiƙa. Idan rigar ta lalace, sai saurin saƙon ya ragu. Akwai ɗan zafi, amma fizgar ba ta daɗewa. Sai dai gwajin ba ya kama lalacewar siraran jijiyoyi.

MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, siffa yake nunawa, misali faifan gadon baya da ya zame ya danne jijiya. Ba zafi, sai ƙara da kwanciya cikin ramin injin. Galibi ya fi tsada, kuma mai na'urar bugun zuciya sai likita ya tantance.

Mai ciwon suga da tafin ƙafa ke masa zugi, lantarki ya fi dacewa da shi. Wanda ciwon ke tasowa daga ƙugu ya gangara ƙafa ɗaya, MRI.