Mita mai fuska huɗu ta tona min asirin batir na uku

'Yar taraktar lambun da nake noman rani da ita a fadamar kogin Galma a Zariya da batir take aiki, batura huɗu take ɗauka, kowanne ƙarfin wutarsa bolt 12, an jona su a jere sun ba da 48. Mitar da ta zo a jikinta jimilla kawai take nunawa. To a jeri irin wannan, ragon cikinsu shi ke yanke wa sauran tsawon aiki, jimilla kuwa sai ta rufa masa asiri. Shi ya sa na sayo wata ƙaramar mita mai fuska huɗu a Sabon Gari, kowace fuska da batirinta, wani mai rewaya ya ɗaura min.

Da safe, bayan sun cika sun kwana ba a taɓa su ba, duk huɗun tsakanin 12.6 da 12.7 suke nunawa, lafiya lau a ido. Wanda ya tsaya a nan ya yi asarar kuɗinsa. Sai da na saka garma a laka, injin ya fara nishi, sannan gaskiya ta fito: uku suna nan kusa da 12, na ukun ya zube ƙasa da 10.5 kafin na kai ƙarshen kunya. Ina ɗaga ƙafa ya koma sama kamar ba shi ba. Ɗakuna shida ne cikin kowane batir, kowanne na ba da bolt 2 da ɗoriya, kuma faɗuwa irin wannan alama ce ɗaki ɗaya ya gaji.

Wajen caji ma shi ne ke rigan kowa. Ya haura 15 yana tafasa, 'yan'uwansa ba su kai 14 ba, caja ta ga lissafi ya cika ta yanke wuta. Ashe shi ya sa a zafin Maris da Afrilu kullum shi nake ƙara wa ruwan batir, sauran ukun kuma ba su taɓa ƙoshi ba.

Mitar tana da nata aibin. Jajayen lambobinta ba sa ganuwa da rana tsaka, sai da na yanka kwali na yi mata rumfa. Wayoyinta sirara ne kuma ba su zo da fiyus ba. A sa wa kowace waya nata kusa da kan batir, don idan ta goge ta taɓa ƙarfe wuta ce. Ba ta da makunni, dare da rana tana tsotsar caji kaɗan-kaɗan, sai da muka sa mata makunni. Ƙurar hunturu kuma ta shiga bayan gilashin ta zauna. Ba ta gyara komai, ba ta daidaita caji, nuni kawai take yi.

Duk da haka kuɗinta bai kama ƙafar na batir ɗaya ba, ni kuwa da har na fara tambayar farashin huɗu. Mai rewayan ya ce min, "Alhaji, kada ka sa sabo fil cikin tsofaffi, za su ja shi ƙasa." Sa'ansu na nemo wanda bai sha wuya ba, muka yi wa kowanne caji shi kaɗai kafin a jona. Yanzu ko a laka ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce 0.3. Masu sola da masu keken kaya mai batir ma za ta yi musu, in dai an kafa ta inda ido zai kai lokacin da baturan ke ɗauke da nauyi.