Masu manyan motoci ku yi hattara da mai sayar da "maganin ɗari" na gazuwal

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Jiya na ji an ga mutumin a Tasawa da jarkoki irin waɗanda ya sayar mini, shi ya sa na ce gara in faɗa kowa ya ji. Jika 360 ya karɓe mini. Sefa 360,000, da rana tsaka, a nan Maradi, a ƙofar garejin da nake kai motocina shekara da shekaru. Abin da ya ba ni jarka 12 ne na ƙazanta, ya ce maganin da ke hana gazuwal daskarewa ne, daga Aljeriya.

Kafin wani ya ce Alhaji ya yi sakaci, a saurara. Shekara 19 ina harkar mota. Karen mota na fara, na yi direba, yanzu Allah ya ba ni biyu nawa na kaina, suna ɗaukar gero da wake zuwa Agadas, wani lokaci har Arlit. Kuma matsalar da ya zo da maganinta gaskiya ce, ba shi ya ƙirƙira ta ba. Gazuwal yana da wani abu kamar kakin zuma a cikinsa. In sanyi ya kai kusan na ƙanƙara, sai ya yi gajimare, ya yi kauri, ya toshe filta, mai ya kasa wucewa. A nan Maradi ɗarinmu bai kai nan ba, amma duk wanda ya kwana a arewa cikin Disamba ko Janairu ya san abin da nake faɗa. Bara motata ta kwana bayan Agadas, ta ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, har direba ya hura gawayi ƙarƙashin tanki. Da na ji, jikina ya yi sanyi, don da ta kama wuta shi ke nan. Da wannan tsoron a raina mutumin ya same ni.

Abin da ke hana ni barci shi ne kwalbar nan. Ya ce, "Alhaji, kar ka yarda da bakina, zo ka gani da idonka." Muka tsallaka wurin mai sayar da ƙanƙara. Ya sa yarona ya zuƙo gazuwal daga tankin motata, nawa, ba nasa ba. Ya raba kwalba biyu. Ɗaya ya ɗiga mata magani, ɗaya ya bar ta haka, aka sa su cikin firiza. Muka je muka yi La'asar tare, sahu ɗaya, kafaɗarsa na gogar tawa. Muka sha shayi. Da aka fito da su, ɗaya ta yi fari-fari kamar koko, ɗayar garau. Ni na riƙe su da hannuna, na ɗaga su a rana. Wa zai ga haka ya ce ƙarya ne? Sai yanzu nake tunawa, daga ƙaramar kwalbar da ke aljihun rigarsa ya ɗiga. Daga aljihunsa. Bai taɓa buɗe ko jarka ɗaya a gabana ba, ya ce in an fasa hatimin ƙarfinsa na fita. Na ga hannunsa ya shiga aljihu, na gani, kuma ban ce komai ba.

Bayan an juye maganin a tanki mota ta kama hanya, direbana ya kira ni ƙarfe uku na dare, tsakanin Tanut da Adarbisinat. Ya ce, "Maigida, mota na farin hayaƙi, tana karkarwa, ta mutu." Tan 30 na gero a kanta, na mutane. A'a, kafin nan ma ya kira ni tun daga Damagaram ya ce ƙarar injin ta canza, na ce masa ai magani ne ke wanke hanya, domin abin da mutumin ya ce mini za a ji ke nan. Ya riga ya shirya mini amsar tun kafin in tambaya.

Jarka ɗaya jika 30, lita 5. Da farko 40 ya ce, na taya, ya yi kamar zai tafi, ya ce akwai masu motocin Ɗan Isa da ke jiransa. Na ba shi jika 200 a hannu, ya ƙirga sau biyu. Sauran 160 washegari na tura masa, bayan ya kira ni da asuba yana gaishe ni da iyali. Takardar turawar tana nan, da lambar da ya ba ni, da saƙonnin muryarsa a WhatsApp guda bakwai. Zan sa hoton jarkokin da takardar da ke manne a jikinsu, rubutun Faransanci har da hoton dusar ƙanƙara. Jandarma sun ce in dakata da lambar tukuna. Tun ranar Talata a kashe take.

Bakanikena ba ya nan ranar da mutumin ya zo, ya je biki Gidan Rumji, kuma na tabbata mutumin ya san haka. Da aka jawo motar, ya zuba abin cikin kwalba ya ajiye a kan benci. Ko minti goma ba a yi ba ya rabu: ruwa a ƙasa, sama kananzir da baƙin mai da wani abu mai warin fenti. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, me ya sa ba ka kira ni ba?" Ban da amsa. Ya ce gazuwal ɗin kansa shi ke shafa wa famfon mai santsi, in ka tsinka shi da irin wannan, ƙarfe ke cin ƙarfe, ruwan kuma ya gama da bakin injekta. Ya ce maganin gaske akwai shi, amma kaɗan ake zubawa, lita ɗaya na isar ɗaruruwan litoci, kuma tun kafin man ya daskare. Wannan kuwa jarka guda mai sayarwar ya ce a juye a kowane tanki. Injekta shida, famfo, filtoci, wanke tanki, kuɗin jawo mota da na sauke kaya a wata: jika 850 ya zuwa yau. Ban da jika 360 ɗin. Ban da man da aka zubar, lita kusan 400. Mota ta biyu Allah ya tsare, direbanta ya manta jarkokin a gareji.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bakaniken ya ce ko ta bara ma da wuya in daskarewa ce. Batir ɗina sun tsufa, kuma sanyi na rage wa batir ƙarfi daidai lokacin da man injin ya yi kauri. Ga ƙurar hunturu ta cika filtar iska. Ga tanki da ake kwana da shi rabi, raɓa na taruwa a ciki ta zama ruwa. Da na canza batir biyu da filtoci, da ban kashe ko rabin jika 360 ba.

Ku cika tanki kafin ku kwana, ku tsiyaye ruwan filta kowace safiya, kar ku hura wuta ƙarƙashin mota. Wanda ya kawo muku magani, ku buɗe jarkar da kanku a gaban bakanikenku.

Dogo ne, siriri, yana da tabo a gira ta hagu, yana yawo da farar ƙaramar mota, Hausarsa da Faransancinsa duk sun nuna. Ya san sunan direbana, ya san motata ta kwana bara, ban san wa ya gaya masa ba, kuma wannan ma ina bin sa. Masu geron sun ba ni zuwa Juma'a. Duk wanda ya gan shi a Tasawa ko Gazawa ko Madarunfa, ya sanar da jandarma mafi kusa, sannan ya yi mini magana, ko ƙarfe nawa ne.