Wuƙar daji a Suwidin: wadda na saya da wadda na harhaɗa da hannuna

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayarka game da wuƙar da ke rataye a ƙuguna cikin hoton da na aiko daga daji, inda kake son sanin ko ta fi wadda maƙerin garinmu yake ƙera maka, da kuma ko kuɗinta abin da talaka zai iya ne. Na jinkirta amsa ne don in mori wuƙar sosai tukuna, kada in yaba maka abin da ban gwada ba.

Mutanen Suwidin suna da wani haƙƙi da suke kira allemansrätten, wanda ya ba kowa damar shiga daji ko da mallakar wani ne, ya kafa tanti na kwana ɗaya ko biyu, ya tsinci 'ya'yan itatuwa, matuƙar bai sari ɗanyen itace ba, bai kuma matsa kusa da gidan mutane ba. Saboda haka wuƙar daji a nan kayan aikin kowane gida ce, kamar yadda lauje da gatari suke a wurinmu. Yawancin waɗanda na gani a hannun mutane daga Mora suka fito, wani gari a lardin Dalarna inda aka kafa masana'antar wuƙa tun 1891, kuma manyan masana'antu biyu na garin sun haɗe a 2005, su ne yanzu ake kira Morakniv.

Tawa samfurin da suke kira Companion ce, tsawon ruwanta santimita 10 da ɗan ɗoriya, kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba. A kantin kayan gini na saye ta, kuɗinta bai kai krona (kuɗin Suwidin) 200 ba, wato bai kai ladan aikin awa biyu na ƙaramin ma'aikaci ba, akwai ma ƙanwarta da kafintoci ke amfani da ita wadda ba ta kai krona 100 ba. Babu tayi, babu albarka. Kuɗin da aka rubuta shi za ka biya a ba ka rasit, idan kuma ta intanet ka saya doka ta ba ka kwana 14 ka mayar in ba ta yi maka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne daidaiton ƙarfen. Ka san maƙeranmu galibi daga tsohon sifirin mota suke yanko ƙarfe, ƙarfe ne mai kyau ƙwarai, amma taurinsa ya rataya ne ga idon maƙeri a lokacin da ya ciro shi daga wuta ya tsoma a ruwa, shi ya sa za ka sayi wuƙa biyu a hannun mutum ɗaya, ɗaya ta riƙe kaifi wata guda, ɗaya kuwa bakinta ya gutsure ranar layya. A nan inji ne ke auna zafin, don haka wuƙa dubu duk halinsu ɗaya ne. Wannan samfurin iri biyu suke yinsa: akwai ta ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira 12C27, akwai kuma ta ƙarfe mai yawan kabon, wadda ta fi saurin wasuwa amma tana tsatsa in an bar ta da danshi. Mai kabon na zaɓa, domin da ita muka saba, kuma a ƙasarmu mai rani ɗan shafa mata mai ya wadatar. Sa'annan yadda suke fitar da bakin ya dace da mai koyo, domin gangare ɗaya ne mai faɗi a kowane gefe, kana kwantar da shi a kan dutsen wasa wuƙa sai ya zauna daidai, ba sai ka yi ta kintacen yadda za ka karkata hannu ba. Da ita na fere busasshen reshe da safiyar da aka kwana ana ruwa, ina fitar da siraran fere-fere masu nannaɗewa kamar gashin zakara ba tare da sun rabu da jikin itacen ba, na haɗa da ɓawon wata farar bishiya da suke kira björk, wanda yake kama wuta ko da ya jiƙe, kafin wani lokaci shayi ya tafasa.

Amma ƙotarta roba ce, kubenta ma roba, kuma wutsiyar ƙarfen ba ta ratsa ƙotar har ƙarshe ba, don haka ba wuƙar da za a yi ta faskare da ita ba ce. Samfurin da ƙarfensa ya ratsa ƙota gaba ɗaya, mai suna Garberg, ya ninka wannan kuɗi sau da dama. A nan ne na gane inda muka fi su. Abin da inji ya yi shi ne mai araha a ƙasar nan, abin da hannun mutum ya taɓa kuwa tsada gare shi. Ban taɓa ganin mai wasa wuƙa yana bin unguwa kamar yadda ake yi a gida gab da Babbar Sallah ba, kuma idan ƙota ta fashe ba ka da maƙerin da za ka zauna a gindin zugazuginsa ya gyara maka kafin ku gama gaisawa, sai dai ka sayi sabuwa. Wuƙar da gwani ya ƙera da hannu, mai ƙotar ƙahon barewarsu ta arewa da kuben fata, da wuya ka same ta ƙasa da krona 1000.

Wannan ne ya sa na bi hanyar da masu sha'awar abin suke bi, wato sayen ruwan wuƙa tsirara a yi masa ƙota a gida. Na yi odar ruwa ɗaya ƙirar Lauri daga Finlan, maƙwabciyarsu, inda ake kiran irin wannan wuƙa puukko, tare da guntun katakon björk mai zane da ƙaramin farantin tagulla da ake sakawa tsakanin ruwa da ƙota. Aikin da ya fi cin rai shi ne dacewar farantin, domin sai da na yini ina goga raminsa da siririn magagari, ina gwadawa ina cirewa, har ya zauna a kafaɗar ƙarfen ba tare da haske yana ratsa tsakaninsu ba. Katakon farko ya tsage a hannuna saboda na huda ramin a karkace kuma na tilasta wutsiyar da guduma, abin da ya koya mini cewa ramuka biyu ko uku ƙanana ake hudawa a jere, a haɗe su da magagari a hankali har ƙarfen ya shiga da turin hannu kawai. A karo na biyu na cika ramin da gam ɗin nan mai haɗi biyu, na matse su na bar su suka kwana, na naɗe kaifin da tef don kare yatsuna, sa'annan na shiga sassaƙa. Ina sassaƙa ina damƙewa, duk inda ya tokare mini tafi in rage, har ƙotar ta zama ta hannuna ni kaɗai, na bi ta da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, na shayar da ita mai sau uku, zanen katakon ya fito kamar na ƙwaryar da aka yi wa ado. Kuɗin kayan ya ɗan haura na Companion, ban da kube, wanda har yau ban iya ɗinka mai kyau ba.

Akwai dokar da ya kamata ka sani in Allah ya kawo ka ziyara: tun 1988 an hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, an kuma tsananta hukuncin a 2022. Ni a ƙasan jaka nake ajiye tawa har sai na isa daji.

Shawarata ita ce kada in aiko maka da mai ƙotar roba. In sha Allah idan zan zo hutu zan sako ruwan wuƙa guda uku a babban akwati, tunda ba a barin su a jakar hannu a jirgi, ɗaya naka, ɗaya na Kawu, ɗaya kuma mu kai wa maƙerinmu ya duba yadda aka fitar da bakin, domin na tabbata in ya gani zai iya. Kai kuma ka nemo mana busasshen icen ƙirya ko marke tun yanzu, wanda ya shekara a inuwa don kada ya tsage, ka kuma yi magana da badukun da ya ɗinka maka kuben takobi ya tanadi jar fatar akuya mai kauri. Zan aiko maka da awon ruwan a takarda cikin makon nan don ya fara yanka.