Takalmin gwanjo a kan duwatsun Shere cikin ruwan Mayu

Takalmin hawan dutse ne mai dogon wuya, na gwanjo, na saye shi a kasuwar Katako da ke Jos. Abin da ya ja ni gare shi tambarin nan ne mai ruwan ɗorawa na Vibram a tafinsa, kamfanin Italiya da ya yi suna wajen yin robar tafin takalman masu hawan dutse. Na gwada shi a duwatsun Shere, gabas da Jos, cikin watan Mayu. Damina ta fara kankama, gari ya yi luf, ga iska mai sanyi, yayyafi kuma tun hantsi bai ɗauke ba.

Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, amma ba tsayin ne ke ba mutum tsoro ba. Falalen dutsen ne. Da ruwa ya taɓa shi, gansakukar da ke kwance a kai ta jiƙa, sai ya koma kamar an malala masa miyar karkashi. To, a nan takalmin ya biya ni kuɗina. Inda dutsen yake tsirara, robar tana kama shi tsam, na taka na ɗaga ba fargaba. Inda gansakuka ta yi kauri kuwa babu takalmin da zai cece ka, sai ka kewaye. Abokin tafiyata da ya sa kambas da rarrafe ya sauko wasu wuraren, raina bai kwanta ba sai da muka iso ƙasa. Dogon wuyan ma ya yi mini rana, don sau da yawa ƙafata ta faɗa tsakanin duwatsu, idon sawuna bai gurɗe ba.

Maganar hana ruwa shiga, rabi da rabi ce. Na tsallaka 'yan ƙoramu, na taka kududdufai, safata a bushe. Amma ciyawa ta jiƙa mini wando, ruwan ya riƙa gangarowa yana shiga ta wuya, kuma shafin cikin da ke tare ruwan waje shi ne ya hana wannan fita. Safar auduga ta ƙara dagula lamarin, gara ta ulu. Bushewarsa ma sai da haƙuri: a cusa masa tsohuwar jarida a ajiye a inuwa, kada a kai shi kusa da garwashi, gam ɗin zai saki. Yana da nauyi, jar laka kuma tana cika haƙoran tafin sai an sa tsinke an ƙwaƙule.

Mai niyyar sayen na gwanjo, don Allah ya danna soson da ke tsakanin tafi da fata da babban yatsa, ya lanƙwasa takalmin sosai. Irin wannan soso idan ya daɗe a ajiye yana ruɓewa ya marmashe, ko da fatar tana ƙyalli, kuma a tsakiyar dutse tafin zai ɓalle. A gwada shi da safa mai kauri, a bar wa yatsu sarari saboda gangara.

Ga mai zuwa Shere ko tsaunin Mambila da damina, ina ba da shawararsa ba tare da wata-wata ba. Mai hawan Kufena ko Dala da bazara kuwa, zafinsa zai dafa masa ƙafa, ya nemi mara nauyi.